Ƙurajen Gwadabe Direba

A Rurum Tsohon Gari babu wanda bai san wuyan Gwadabe Direba ba. Ko ba ka tambaya ba zai karkace hula, ya ja wuyan riga, ya nuna maka tabon da ya taso daga ƙarƙashin kunne ya gangara har allon kafaɗa. "Ka ga nan? Ciwon daji ne ya sauka, ya kai girman goruba. Likitocin birni suka yanke shi, suka gasa ni da na'ura kamar tsire. Waɗanda muka kwanta ɗaki ɗaya da su duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa da ƙafata na fito, na tuƙo kaina har Rano." Mu tsofaffin da muka tsallake agana da yunwa ba ma ganin laifin wannan. Wanda ya yi kokawa da mutuwa ya kai ta ƙasa, a bar shi ya yi kirarinsa.

To a gefen wannan tabo ne, shekarar da aka fara kiɗan zaɓen ƙananan hukumomi, wani ɗan ƙurji ya fito. Bai fi ƙwayar wake ba. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yin wani. Fatar da ke kewaye da shi ta koɗe ta yi tauri. Aka shafa man kaɗanya, aka fasa kafso aka barbaɗa, ƙurji ya ce bai san zancen ba. Kafin a yanke gero ya samu 'yan'uwa a kafaɗa.

Wata Juma'a da hantsi Ishiyaku wanzami ya zo yi masa aski a zaure. Haliru, babban ɗan Gwadabe, mai sayen hatsi wanda ke neman kujerar kansila, yana zaune a gefe yana jiran nasa askin. Ishiyaku ya aske rabin kai, ya zo wajen wuya, sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya laluba zabirarsa ya ciro allura.

"Direba, kau da kai."

Gwadabe ya ɗauka wurin da za a yi masa ƙaho ake nema. Ya kau da kai. Allura ta shige shi, zafinta ya tafi har tsakar ka, amma ko gira bai ɗaga ba. A gaban ɗansa? A gaban wanzami?

"Ka ji?"

"Me zan ji? Ni da aka yanka kamar rago? Ƙara."

Ishiyaku ya ƙara, wannan karon har jini ya tsattsafo. Gwadabe ya cije, ya yi dariya.

"Kai Ishiyaku, ko sauro ya fi ka hannu."

Wanzami bai yi dariya ba. Ya dubi Haliru, Haliru ya dube shi. Kowa a ƙasar nan ya san wannan gwaji: in fata ta koɗe, aka soke ta mai ita bai ji ba, to kuturta ce. Ishiyaku ya jefa allurar a kwata, ya dirje hannunsa da ƙasa, ya ce wai ya manta akwai suna a Sabon Gari. Ya tafi ya bar dattijo da rabin kai. Haliru ya bi shi waje da sauri, suka daɗe suna ƙus-ƙus a gindin darbejiya.

Abin da ya tayar da hankalin Haliru ba wuyan ubansa ba ne. Mutanen Unguwar Gai ta Kibiya suna neman 'yarsa Rahma wa ɗansu Zulkifilu, malamin makaranta, kuma yaran suna son juna. An kai matakin da dattawan ango ke shigowa gari a ɓoye su yi binciken asali. Abu uku suke tambaya: akwai hauka a gidan, akwai sata, akwai kuturta? Ga zaɓe kuma a gaba. Wa zai dangwala wa ɗan kuturu?

Da azahar ɗin nan Gwadabe ya ga sauyi. An kawo masa tuwo a wani tsohon kwano mai lamba, ba akushin da yake ci da ɗansa ba. Butarsa aka ɗaura mata jan ƙyalle. Washegari Maijidda, matar Haliru, ta durƙusa daga nesa ta ce an share masa ɗakin bayan rumbu, wai ya fi iska. Ɗakin da ake zuba ƙaiƙayi da tsofaffin tayoyi.

Ya aika aka kira Haliru.

"Kai, me na yi muku?"

Haliru ya tsugunna a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, har dai kalmar ta faɗo.

Gwadabe ya miƙe zumbur. "Kuturta? Ni? Saboda allurar Ishiyaku? Wallahi na ji ta! Har cikin ƙwaƙwalwata na ji ta!"

"Baba, a gabana ka ce ba ka ji ba. Ya ƙara, ka ce ba ka ji ba."

"Jarumta ce, ɗan nan! Ka taɓa jin na ce wash?"

"To ai shi ke nan, Baba. Jiya jarumta, yau kuma tsoro. Wanne za mu ɗauka?"

"Kawo allura ka soka da hannunka."

Haliru ya ja da baya kamar an nuna masa maciji.

"To kai ni birni. Ranar da aka sallame ni likita ya ce ko ƙaiƙayi na ji a tabon nan in koma, kar in jira. Su duba su faɗi ko mene ne."

"Za a je, Baba. Bari dai a sa ranar Rahma. Asibitin nan cike yake da 'yan Rano, ma'aikata da masu jinya. Kafin mu dawo labari ya riga mu isowa."

Wannan shi ne "za a je" na farko. Bayansa an yi su kamar ƙasa.

Aka ce wa mutanen masallaci Direba ya tafi Kibiya wurin 'yarsa Jumai ya huta. Ita Jumai aka aika mata cewa Baba lafiya lau, kar ta wahalar da kanta da zuwa ana tsakiyar kaka. Maijidda ta samo wani baƙin magani a wurin mai tallar gargajiya, ta miƙa masa a bakin tsinke. Ya shafa, wurin ya ɗauki wuta, ƙurajen suka haɗe suka zama gyambo mai baki kamar na tulu.

Wata safiya ya ce ya gaji. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sanda, ya nufi ƙofa. Tasha ba nisa, kuma babu direban da zai karɓi kuɗin Gwadabe. Ya kai zaure sai Haliru ya sha gabansa, ya zube a ƙasa.

"Baba, in ka fita da wannan wuyan, auren Rahma ya mutu. Ba ita kaɗai ba, har ƙannenta babu mai zuwa. Ka yi haƙuri kaɗan. Don ita."

Gwadabe ya tsaya. Rahma ce jikar da yake kira matarsa tun tana rarrafe, ita kuma ta ce masa tsohon miji mai rowa. Ya dubi hasken titi ta ƙofar zaure. Ya juya da ƙafarsa ya koma bayan rumbu. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi a duk lamarin: ba da ƙarfi suka fara kulle shi ba, da son da yake wa jikarsa suka ɗaure shi.

Ita Rahmar ma an ja mata kunne. Ya hango ta wata rana tana shanya.

"Matar, yau ba gaisuwa? Ko malamin makarantar ya ƙwace min ke tun yanzu?"

Da can da ta ce, "Kai da ko kuɗin lalle ba ka bayarwa?" Yanzu sai ta tsaya daga bakin igiya, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce, "Ina kwana, Kaka." Idonta ya kawo ruwa, ta shige ɗaki. Bai sake kiranta matarsa ba.

Sanyi ya shigo, gyambo ya fara wari. Ƙudaje suka san hanyar ɗakin. Wani ƙullutu ya taso masa a hammata, hannun dama ya kumbura har ba ya iya ɗaga buta, sai ya karkata ta da gwiwa ya yi alwala. Mutumin da ya yi shekaru yana juya sitiyarin babbar mota da hannu ɗaya, ɗayan yana cin goro! Maijidda kan ajiye kwano a bakin ƙofa ta tura shi da ƙafa. Tsummokaran da yake goge ruwan ciwon kuwa da muciya take ɗauka ta kai wuta.

"Maijidda, ke ma kin yarda? Ni na je na nemo wa Haliru aurenki."

"Baba, ni me zan ce? Abin da maigida ya ce shi ne. Kuma ina da yara ƙanana."

Ranar da mutanen Unguwar Gai suka zo sa rana, Haliru da kansa ya zo ya ja ƙofar ɗakin. Gwadabe ya ji ƙarar kwaɗo.

"Haliru! Ni za ka kulle?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba. Kar yara su shigo maka."

Yana zaune cikin duhu da tsakar rana yana jin muryoyin baƙi a zaurensa, zauren da ya gina da guminsa. Ya ji wani dattijo yana tambaya ina Direba, ya ji ɗansa yana cewa ai yana can wajenku Kibiya, bai jin daɗin ƙafa. Aka yi fatiha, aka raba goro. Ko ɓari ɗaya ba a kawo masa ba.

Da aka buɗe shi ya ce, "To an sa rana. Sai birni."

"Baba, ga zaɓe ya matso. Abokan hamayya ido suke zubawa. Da an gama, da kaina zan kai ka. Kuma ko a karatu an ce a nisanci mai wannan larura, ba ni na ƙago ba."

"A wane karatun aka ce a kulle uba a ɗakin ƙaiƙayi? Ban yi makaranta ba, amma kawo min malamin ya faɗa a gabana."

Haliru ya kakkaɓe riga ya ce ana jiransa a taro.

Taron kuwa a filin bayan gidan aka yi shi, da lasifika. Lokacin kowa Shari'a ce a bakinsa, mai neman kujera in bai ambace ta ba bai fara magana ba. Gwadabe yana kwance, ƙuda na bin wuyansa, yana jin muryar ɗansa tana tsaga gari: za mu tsayar da adalci, za mu kula da marayu da gajiyayyu, al'ummar da ba ta girmama dattawanta ba ta ga albarka. Jama'a suka yi kabbara. Tsoho ya juya fuska ga bango. Ni dai na ce, da lasifika na da kunya da ta mutu a ranar.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ranar kasuwar Kibiya, Jumai tana sayen daddawa sai Sule, wani direba da ya koyi mota a hannun ubanta, ya gaishe ta.

"Hajiya Jumai, ya jikin maigidana? An ce yana wurinki tun kaka. Kullum ina cewa zan leƙo."

Jumai ta ajiye daddawa. "Wurin wa?"

Ko gida ba ta koma ba. Sule ya sauke fasinjansa ya ɗauko ta. Ta shiga gidan ba sallama, ta duba ɗakin ubanta ta ga buhunan masara a ciki. Wari ne ya kai ta bayan rumbu.

Gwadabe ya ɗago kai. Rabin gashin da Ishiyaku ya bari ya yi tsawo ya cukurkuɗe, ɗayan rabin ya biyo shi a baya.

"Kar ki matso, Jumai. Sun ce..."

Ta faɗa kansa ta rungume shi, ciwo da ƙuda da komai. Sannan ta fito tsakar gida ta buɗe murya.

"Yaya Haliru! Fito! Fito ka gaya min uban wa ka ajiye a nan!"

"Ke, rage murya. Maƙwabta..."

"Su ji! Ko kuturtar ce, ba magani ake bayarwa a warke ba? Kutare nawa suka sha magani suna noma gonarsu? Kai likita ne? Ishiyaku likita ne? Mai yanke beli shi ya zama mai yanke wa ubanmu hukunci?"

"Ba ki san me ake ciki ba. Auren Rahma..."

"Auren Rahma da naman Baba za a ɗaura shi?"

Ita da Sule suka tallabo shi zuwa mota. Haliru ya ga ba makawa, ya shiga gaba, ya ce Sule ya bi ta bayan gari.

A asibitin birni wata likitar fata ce ta gan shi, mace mai ƙaramin jiki. Ta sa ya rufe ido, ta riƙa taɓa shi da auduga tana cewa ya nuna wurin. Ya nuna duka, bai kuskure ba. Ta latsa bayan gwiwar hannunsa, ta duba yatsunsa da tafin ƙafarsa. Ta taɓa ƙullutun hammata, fuskarta ta sauya. Ta tambayi tarihin tabon, ya ba ta, wannan karon a gajarce. Ta kashe wurin da allura, ta yanki 'yar fata daga bakin gyambon ta ce za a auna, su dawo bayan mako kaɗan. Jumai ta wuce da shi gidanta a Kibiya. Ta aske masa kai da hannunta, ta zuba musu tuwo a kwano ɗaya.

Ranar komawa Haliru ya zo da farar shadda, da hoton takararsa manne a gilashin mota. Likita ta zaunar da su.

"Baba, ciwon daji ne na fata. Yakan fito a wurin da aka taɓa gasawa, ko bayan shekaru. Yaushe ya fara?"

"Tun damina."

"Yana yaya?"

"Kamar wake."

Ta ajiye abin rubutunta. "Da a lokacin kuka zo, aikin yini ɗaya ne. A yanke, a ɗinke, ka koma gida. Yanzu ya shiga hammata, kuma hoton ƙirji ya nuna ya wuce nan. Za mu wanke ciwon, mu ba ka abin da zai rage zafi. Ba zan yi maka ƙarya in ce za mu cire shi ba." Ta dubi 'ya'yan. "Me ya hana ku kawo shi?"

Jumai ta sa kuka. Haliru kuwa ya matso da kujerarsa.

"Likita, tsaya in fahimta. Ke nan ba kuturta ba ce?"

"Kuturta? Ko kusa. Wa ya ce muku..."

"Kuma ba a gadonsa? Ba a ɗauka?"

"Ba a ɗauka."

Haliru ya ɗaga hannu biyu sama, fuskarsa ta washe har haƙoran goro suka bayyana. "Alhamdu lillahi! Kai, Alhamdu lillahi! Allah mun gode maka!"

Likita ta zuba masa ido. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya fara gyara hula, yana cewa ai nufinsa kowane hali bawa ya samu kansa sai ya gode.

Suka fito waje, ga motar Haliru, ga ta Sule da ya kawo su daga Kibiya. Haliru ya riga kowa buɗe ƙofar tasa, har yana kama hannun ubansa, hannun da ya yi wata da watanni bai taɓa ba.

"Baba, gida za mu. Yau ɗin nan za a kwashe masarar, a share maka ɗakinka. Ka zauna a zaure kowa ya gan ka."

Tsoho ya zare hannunsa a hankali.

"Haliru, na yi tuƙi daga nan har bakin teku. Na kwashi gawa a titi, na kai wa iyaye labarin 'ya'yansu, na kai wa 'ya'ya labarin iyayensu. Ban taɓa ganin wanda aka ce wa ubanka zai mutu ya yi farin ciki irin naka ba. Je ka yi zaɓenka." Ya juya. "Sule, Kibiya."

A Kibiya ya cika, kafin ruwan farko ya sauka. Rahma ta zo ta yi jinyarsa a kwanakin ƙarshe, ita ke kore masa ƙuda, tana kuka tana neman gafara, ya ce mata ita ba ta da laifi. Haliru ya zo sau da yawa, tsoho yakan amsa sallamarsa ya rufe ido.

Aka yi zaman makoki a Rurum Tsohon Gari, a zauren nan dai. Direbobi suka zo daga Rano, daga Kibiya, har daga birni, motoci suka cika layi. Surukai na Unguwar Gai suka zo, 'yan jam'iyya suka zo, Ishiyaku wanzami ma ya zo ya raɓe a ƙarshen tabarma. Haliru na tsakiya cikin babbar riga yana karɓar gaisuwa. Mutumin da ya hana a san sunan ciwon ubansa lokacin da sanin zai yi amfani, yanzu shi ne mai shelarsa. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Allah ya jiƙan Direba," kafin Haliru ya ce amin sai ya riƙe hannunsa, ya ɗaga murya yadda na bayan zaure za su ji:

"Daji ne fa. Likita ta auna. Daji ne."